Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban MPA: Idan An Sabunta Tsohon Shiri, Wa Ake Ba Rawar Ɗan Asiya?

Zuwa ga Mai girma Charles Rivkin, tsohon jakadan Amurka a Faransa,
Shugaban MPA, ƙungiyar manyan kamfanonin fim,
Birnin Washington, Amurka.

Yallaɓai Jakada, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙar nan daga ƙasar Hausa ta fito, kuma ba mamaki ka ce me ya haɗa kifi da kaska. Kallo ne ya haɗa mu. Tun wajajen shekarun 1960 gidajen silima a Kano da Kaduna da Jos suka riƙa cika da masu kallon Indiya, daga baya fina-finan Caina suka shigo da kunfu, har sunan Bruce Lee ya zama laƙabin duk yaron unguwa mai zafin hannu. Yau ma shagunan tura fim a waya cike suke da fassarar Indiya da ta Caina da ta Koriya. Saboda haka duk lokacin da wani babba a Hollywood ya ce masu kallo a duniya ba za su bi fim ba idan jaruminsa ɗan Asiya ne, to mu ma muna cikin duniyar da yake magana da yawunta, kuma ba haka abin yake a nan ba.

Maganarmu a kan fanni ɗaya ce: tsofaffin shirye-shiryen talabijin da kamfanoninku suke tonowa su mayar fim ko sabon shiri mai dogon zango. Mun ware shi ne don a nan uzurin da aka saba bayarwa ya fi rauni. Kamfani yana biyan kuɗi ya sayi haƙƙin tsohon shiri ne saboda sunan ya riga ya yi kasuwa. Wanda ya kalla yana yaro zai ja ɗansa su je. Sunan shirin shi ne tauraron. Wanda ya riga ya mallaki wannan, ya kuma dawo ya ce dole sai ya sa fitaccen Bature kafin tikiti ya sayu, ya ci tuwo biyu da miya ɗaya, kuma ya kamata a tambaye shi lissafi.

Ofishin da kake zaune a ciki yana da hannu a asalin matsalar, shi ya sa muka nufo ka. Ƙungiyarku ta kafu a 1922 ƙarƙashin Will Hays, ita ce kuma ta riƙe dokar tace fim da aka rubuta a 1930 aka fara tilasta ta gadan-gadan a 1934. Dokar ta hana nuna alaƙar soyayya tsakanin fari da baƙi. A rubuce fari da baƙi kaɗai ta ambata, amma kamfanoni suka shimfiɗa ta a kan kowa. Da MGM ta zo yin The Good Earth na 1937, labarin manoman Sin, sai ta fara ba Paul Muni rawar maigida. Daga nan magana ta ƙare: tunda mijin Bature ne a zahiri, matar ma dole ta zama Baturiya. Anna May Wong, wadda ita ce fitacciyar jaruma mai jinin Sinawa a Amurka a lokacin, ta rasa rawar. Luise Rainer, haifaffiyar Jamus, ta samu, har ta ci Oscar da ita. An cire wancan sashe na dokar a 1956, dokar kanta ta kau a 1968. Abin da bai kau ba shi ne yadda abin ke aiki: sunan farko da aka sa wa hannu shi ke jan ragowar gidan gaba ɗaya, uwa da uba da ƙane da kaka.

Shekara huɗu kacal bayan dokar ta kau aka ga cewa ɗabi'ar ba ta buƙatar doka. A 1972 tashar ABC ta fara Kung Fu, shirin kamfanin Warner, labarin wani almajirin gidan ibadar Shaolin, uwa Basiniya uba Ba'amurke, yana yawo a yammacin Amurka. An duba Bruce Lee, aka bar shi, aka ɗauki David Carradine. Ana gardama har yau kan ko tunanin shirin na Lee ne, kamar yadda matarsa ta faɗa, ko na Ed Spielman da aka rubuta sunansa. Wannan mun bar wa masu tarihi. Abin da babu gardama a kansa shi ne, shekara ɗaya bayan nan kamfanin Warner ɗin dai ya fitar da Enter the Dragon a kan kuɗin da bai kai dala miliyan ɗaya ba, mutumin da aka ce ba zai iya ɗaukar shiri ba ya cika silimomin duniya, ciki har da namu. Bai ga wannan ba, ya rasu a Yulin 1973. Sai a 2019 'yarsa Shannon Lee da Justin Lin suka fitar da Warrior daga rubutun da ya bari, sai kuma 2021 aka sabunta Kung Fu da Olivia Liang a gaba.

Yanzu bari mu bi aikin daki-daki, don yawancin masu zagi a intanet suna jifan mai zaɓen 'yan wasa ne, alhali shi ɗan aike ne. Kafin a kira shi an riga an wuce matakai uku: an sayi haƙƙi, an rubuta labari, kwamitin da ke amincewa da kashe kuɗi ya zauna da takardar hasashen riba, wadda ake ginawa a kan abin da fina-finai masu kama da wannan suka kawo a baya. Sau da yawa an ma tsayar da ranar fitowa. Sannan ne mai zaɓe zai rubuta takardar neman 'yan wasa, inda ake bayyana kowace rawa da shekarunta da jinsinta da siffarta, a tura wa wakilan 'yan wasa. Wakili ba ya tura kowa da kowa. Yana karanta takardar ne kamar yadda dillali ke karanta fuskar mai saye, ya aika wanda yake ganin za a ɗauka.

Dubi abin da ya faru da The Last Airbender na 2010, wanda Paramount ta ɗauko daga katun ɗin Nickelodeon mai kashi 61 da aka nuna daga 2005 zuwa 2008. Duniyar katun ɗin ba a ɓoye take ba. Rubutun da ke jikin bango da takardu na Sinanci ne. Kowace al'umma da salon faɗanta na gaske: masu ruwa taici, masu ƙasa hung gar, masu wuta salon Shaolin na arewa, masu iska bagua. Mutanen ruwa an zana su ne a kan Inuit mazauna ƙanƙara, masu iska kuma a kan sufayen Tibet. Amma takardar neman manyan jarumai huɗu ta ce ana neman Bature ko kowace irin ƙabila. Kalmar da aka sa a gaba ita ce saƙon, ragowar cikon layi ne, kuma wakilai sun gane. Aka ɗauki huɗu duk farare. Da hayaniya ta tashi, wanda aka ba rawar Zuko, yariman masu wuta, ya fita aka sa Dev Patel, sai ƙasar masu wuta, wato 'yan mamaya, ta koma ta masu duhun fata gaba ɗaya, jaruman ceto uku suka rage farare. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. A farkon fim ɗin akwai wurin da ya isa misali: ƙauyen ƙanƙara da aka ɗauka a Girinlan, mutanen gari a baya duk masu kamannin Inuit, a gaba kuma yarinya da wanta da kakarsu Turawa sak, kamar baƙin da jirgi ya sauke da safe. Rubutun Sinancin ma an goge shi aka maye da wasu zane-zane da ba na kowane harshe ba. Wajen neman 'yan cika fage a Philadelphia har cewa aka yi Bakoriye ya zo sanye da kimono, tufar da ta Japanawa ce.

Abin lura a nan, Yallaɓai, babu tauraro ko ɗaya a cikin yaran. Noah Ringer, wanda ya fito a jarumi, yaro ne ɗan wasan taekwondo daga Texas da bai taɓa yin fim ba. Haka Justin Chatwin da Fox ta ba rawar Goku a Dragonball Evolution na 2009, wanda aka ɗauko daga labarin zane na Japan, ba sunan da ke sayar da tikiti ba ne. Fim ɗin bai haɗa dala miliyan 10 a Amurka ba, marubucinsa Ben Ramsey ya fito ya nemi gafarar masoya a 2016. Idan za a ɗauki wanda ba a sani ba, me ya hana a ɗauki wanda ba a sani ba mai kama da rawar? A nan babu batun kasuwa, sabo ne kawai. Gaskiya ne Airbender ya kawo wajen dala miliyan 319 a kan kasafin miliyan 150, ba za a ce ya faɗi warwas ba. Amma fim uku aka tsara, na biyu bai taɓa zuwa ba, sai da aka yi shekara goma sha huɗu kafin Netflix ta sake taɓa labarin a 2024 da 'yan Asiya da 'yan asalin Arewacin Amurka.

Inda aka sa tauraron na gaske ma lissafin bai fita ba. Ghost in the Shell na 2017, wanda tushensa labarin zane ne na Japan, ya ci dala miliyan 110 wajen haɗawa, ya kawo wajen miliyan 170 a duniya, kimanin miliyan 40 kawai daga ciki a Amurka. Ka fi mu sanin cewa gidajen silima suna riƙe kusan rabin kuɗin ƙofa, a Caina kuwa abin da ke isa hannun kamfani bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, ga kuɗin talla da ba ya cikin kasafi. Shugaban rarraba fina-finan Paramount a cikin gida da bakinsa ya ce cece-kucen da aka yi kan ba Scarlett Johansson rawar ya shafi sharhin da aka yi wa fim ɗin. A shekarar da ta biyo baya Crazy Rich Asians, a kan miliyan 30, ya kawo kusan miliyan 238, jaruminsa Henry Golding kuwa mai gabatar da shirin tafiye-tafiye ne a talabijin da bai taɓa jan fim ba. Matsalar takardar hasashen riba ita ce tana cin jelarta. Binciken jami'ar USC a kan fina-finai 1,300 da suka fi kasuwa daga 2007 zuwa 2019 ya samu 44 ne kawai ɗan Asiya ko ɗan tsibiran Pasifik ya ja, 14 daga cikinsu kuma Dwayne Johnson ne shi kaɗai. Wanda zai nemi misalin baya a cikin irin wannan rumbu zai dawo hannu rabbana, ya rubuta cewa babu shaida, rashin shaidar kuma ya hana a yi fim ɗin da zai zama shaida.

Sai batun lokaci, wanda ba a cika magana a kansa ba. Idan an tsayar da ranar fitowa tun kafin a gama rubutu, mai zaɓe yana da 'yan makonni ne, kuma mai gaggawa jerin sunayen da ke aljihunsa yake zarowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Disney ta ɗauki kusan shekara guda tana neman wadda za ta fito a Mulan, ta duba kusan mutum dubu a nahiyoyi biyar kafin ta tsaya a kan Liu Yifei a ƙarshen 2017. Yau neman ya fi sauƙi, tunda zagayen farko na gwaji da waya ake ɗauka a turo. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yajin aikin kwana 118 na 'yan wasa a 2023 ta ma tsara shi, shafi takwas iyaka a gwajin farko, da awa 48 na shiri. Ɗan wasa a Seoul ko Manila ko Mumbai yana iya shiga. Abin da ke cin lokaci shi ne abin da ke biyo baya: kiran zagaye na biyu, haɗa shi da abokin wasa a ga ko jininsu ya haɗu, gwajin kyamara da kaya da kwalliya, takardar biza ta O-1, da malamin harshe idan Turancin bai nuna ba. Jay Chou ya shiga The Green Hornet na 2011 da ɗan Turanci kaɗan, aka yi aiki a kansa, fim ɗin ya kawo wajen miliyan 228, kuma shi aka fi yabawa. Duk wannan yana yiwuwa ne idan an sa shi a jadawali da kasafi tun ran gini.

Akwai wani uzurin da ya fi na kasuwa nauyi, kuma ya cancanci a saurare shi. Tsofaffin shirye-shiryen nan da yawa sun zo da rawar ɗan Asiya a gurɓace: bara mai biyayya, mugun boka mai dogon gashin baki, mace mai makirci. Kato na The Green Hornet direba ne kuma yaron gida. Wo Fat, babban bos na Hawaii Five-O na 1968, ɗan leƙen asirin Sin ne da Khigh Dhiegh ya fito a matsayinsa, mutumin da aka haifa a New Jersey kuma ba shi da jinin Sinawa. Mai sabuntawa yana tsoron a ce ya farfaɗo da cin fuska, sai ya ga mafita ita ce ya mayar da rawar ta Bature. Haka aka yi da Khan Noonien Singh, wanda Star Trek na 1967 ya gabatar a matsayin mutumin arewacin Indiya, Ricardo Montalbán ɗan Meziko ya taka, sai ga Benedict Cumberbatch a 2013, ɗaya daga cikin marubutan yana cewa ba ya son a mayar da mai duhun fata ɗan ta'adda. Niyyar ba laifi, amma sakamakon shi ne rawa mafi daɗi a fim ɗin ta kuɓuce wa 'yan Indiya karo na biyu. Ai mu masu kallo mun san bos mai kyau ya fi jarumi maras gishiri. Maganin rawar da ta gurɓace alƙalami ne. Marvel ta gwada hanyoyin biyu: a Doctor Strange na 2016 ta mayar da tsohon malamin Tibet Baturiya, shugabanta Kevin Feige ya amsa a 2021 cewa kuskure ne, a Shang-Chi kuma ta jefar da uban jarumi na asali, wanda Fu Manchu ne, mugun Basine na tsofaffin littattafan Turawa, ta rubuta sabon mutum mai ciwon rashin matarsa, ta ba Tony Leung. Fim ɗin ya haura miliyan 430 ana tsakiyar annobar korona, ba tare da an nuna shi a silimomin Caina ba.

Kada a fahimce mu a karkace. Ɗaukar labarin wata ƙasa a dasa shi a wata ba shi muke ƙorafi a kai ba. The Departed ya kwaso labarin Hong Kong ya kai Boston, ya sauya sunaye da unguwa da coci da komai. The Good Doctor shirin Koriya ne na 2013 da Daniel Dae Kim ya kawo Amurka. A Kano ma an san wankiya, inda ake ɗauko labarin Indiya a sa masa hula da mayafi da sunan Hausa. Wannan dashe ne, kowa ya san shi. Abin da ke ɓata rai shi ne a riƙe sunan Japan da birnin da tufafin da takobin, a cire mutumin da ke tsakiya kaɗai. Kuma ba mu ce sai an duba fasfo ba. John Cho, mai jinin Koriya, ya gaji rawar Sulu na Star Trek daga George Takei a 2009, Takei bai ƙi ba, domin tun asali an raɗa wa Sulu sunan wani teku ne a Filifin don ya wakilci nahiyar baki ɗaya. Amma inda labari ya jingina da harshe da tarihin ƙasa guda, sakaci yana da tsada: Memoirs of a Geisha na 2005 ya ba Zhang Ziyi da Gong Li, 'yan Caina, manyan rawar Japanawa, aka ji haushi a ɓangarorin biyu, Caina ta soke nuna shi. Haka kuma dacewar fuska ba ta ceton rubutu maras kyau. Cowboy Bebop na Netflix yana da John Cho a gaba, aka soke shi 'yan makonni bayan fitowarsa a 2021.

Kuɗin aiki kuma wani miki ne daban. A The Green Hornet na 1966 Bruce Lee, wanda ya fito a Kato, ya fara da dala 400 a kowane kashi, babban jarumin Van Williams yana karɓar 2,000, alhali don Kato yara suke kunna talabijin. Shekara hamsin bayan nan, a 2017, Daniel Dae Kim da Grace Park suka bar sabon Hawaii Five-0 bayan zango bakwai, don CBS ba ta daidaita su da abokan aikinsu biyu farare ba. Rahotanni sun ce tayin ƙarshe ya gaza da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Yadda gibin ke haihuwa sananne ne. Ɗan wasan talabijin yana sa hannu a kwantiragin shekara shida ko fiye tun kafin a yi masa gwajin ƙarshe, lokacin da ba shi da bakin ciniki, kuma a da ana gina tayin ne a kan abin da aka biya shi a aikinsa na baya. Wanda kullum ƙaramar rawa yake samu, farashinsa ba ya tashi. Kalifoniya ta hana tambayar tsohon albashi daga Janairun 2018, amma lambar da aka ba mutum a jerin 'yan wasa, na ɗaya ko na uku, har yanzu ita ke yanke rabonsa, kuma mai sabunta tsohon shiri yakan kwafi jerin 1968 yadda ya same shi.

Ƙaramin abu amma a sa ido: shafa wa ɗan kasada fenti ko sa masa gashin kanti don ya yi kama da jarumin da yake tsaya wa, da kuma sauya fuska da kwamfuta. Cloud Atlas na 2012 ya gyara idanun Turawa da kwalliya don su zama Koriyawa. Paramount ta amsa cewa an gwada irin haka da kwamfuta a kan wani ɗan cika fage a Ghost in the Shell aka watsar. Abin da a lokacin sai an kashe kuɗi, yau manhaja tana yin sa cikin sauƙi.

In ana neman yadda ake yin abin daidai, ga Shōgun. Na 1980 a NBC ya bi idon baƙon Bature ne kaɗai. Toshiro Mifune yana magana, ba a rubuta fassarar a ƙasan allo ba, mai kallo ya zauna a duhu tare da baƙon. Da FX ta sabunta shi a 2024, ba ta tsaya a ba Hiroyuki Sanada rawar Toranaga ba, ta ba shi kujerar furodusa, wato ikon cewa a'a. Ya kawo masana daga Japan, na gashi da na sutura da na motsin jiki, masu koya wa ɗan wasa yadda ake durƙusawa da buɗe ƙofar zamiya da ajiye takobi, duk da a Kanada aka ɗauki shirin. Rubutun ma zagaye yake yi: a rubuta da Turanci, a fassara, marubuciyar wasan kwaikwayo Bajapaniya ta sake zuba shi a harshen zamanin da, 'yan wasa su faɗa, sannan a dawo a gyara fassarar ƙasan allo ta bi abin da aka faɗa ɗin. Kusan kashi 70 cikin ɗari na maganar da Japananci ne. Shirin ya kwashe kyautar Emmy 18 a zango ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba, Anna Sawai ta zama 'yar Asiya ta farko da ta ci ta babbar jaruma a wasan kwaikwayo mai nauyi. Tsohuwar zuma ce, amma sai da aka ba masu ita ludayin.

Mun san iyakar ikonka. Ba kai ke zaɓen 'yan wasa ba, cinikin albashi da ƙungiyoyin ma'aikata kuma na AMPTP ne, ƙungiyar da ke wakiltar kamfanonin a wannan ciniki. Kotu ma ba za ta shiga ba. A 2012 wata kotun tarayya a Tennessee ta kori ƙarar wariyar launin fata da aka kai kan shirin The Bachelor, ta ce zaɓen wanda zai fito a allo yana cikin 'yancin faɗar albarkacin baki. Sharuɗɗan Oscar da suka fara aiki a 2024 biyu cikin huɗu suke nema, babban kamfani yana iya cika su da ɗaukar masu koyon aiki da ma'aikatan talla ba tare da ya taɓa fuskar da ke allo ba. To amma Disney da Paramount da Sony da Universal da Warner, da Netflix da ta shigo a 2019, da Amazon da ta shigo a 2024, duk a teburinka suke zama. Kuma an taɓa yi: a 2007 ƙungiyarku ta sa shan taba cikin abubuwan da ake dubawa wajen ba fim matakin shekaru, manyan kamfanoni kuma kowanne ya fitar da rubutacciyar manufarsa a kan nuna sigari. Ba doka ce ta tilasta su ba.

Irin wannan muke roƙo. Kowane kamfani ya rubuta manufarsa ya buga ta: idan rawa a tushenta ta ɗan Asiya ce, takardar nema ta faɗi haka a layin farko, ba tare da an sa wata ƙabila a gaba an bi ta da "ko kowa" ba. Idan kamfani ya ga dalilin sauyawa, yana da 'yancinsa, amma a rubuta dalilin a takardar amincewa da kasafi, da sunan babban da ya yanke, don a daina barin ɗan aike da shan jifa. A fara neman jarumi kafin a kafe ranar fitowa, a ware layi a kasafi na malamin harshe da na masanin al'ada mai muƙamin furodusa, wanda ake kira kafin a rubuta labari, ba ranar da aka gama ɗinka kaya ba. Sauya launin fata ko siffar ido, da fenti ko da kwamfuta, a haramta shi a rubuce.

Na ƙarshen yana hannunka kai kaɗai, ba sai ka jira kowa ba. Rahoton kasuwa da ofishinka ya fitar a kan shekarar 2016 ya nuna rukunin da 'yan Asiya ke ciki ya fi kowane rukuni a Amurka zuwa silima, sau 6.1 ga kowane mutum a shekara. Kun iya ƙirga wanda ya sayi tikiti. Muna so a ƙara shafi ɗaya a irin wannan rahoto: jerin duk tsohon shiri ko katun da mambobinku suka sabunta a shekarar, rawar da take ta ɗan Asiya a asali, wanda aka ba ita yanzu, lambarsa a jerin 'yan wasa, kasafin fim ɗin da abin da ya kawo. Kwamitin da zai zauna a kan Kato ko Sulu na gaba ya samu wannan shafin a cikin takardunsa.

Ka huta lafiya.

Daga wasu masu nazarin fim a ƙasar Hausa.